Kafin a Ɗinka wa Yaro Kayan Makaranta

Da wuya ranar awo da rigakafi ta wuce ba a samu uwar da ta tambaye ni, "Malama, yana shekara nawa ya kamata in sa shi makaranta?" ba. Tambayar tana da kyau, sai dai yawancin masu yin ta sun ɗauka yaro ba ya fara koyo sai ranar da aka rataya masa jaka. Alhali kafin ranar ta zo an riga an yi nisa da ginin ƙwaƙwalwarsa. Masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko na rayuwa ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Waɗanda ake amfani da su suna ƙara ƙarfi, waɗanda aka bari suna dushewa. Abin da ya fi ƙarfafa su kuwa ba a sayen sa a kanti: yaro ya yi gwaranci ko ya nuna abu da yatsa, babba ya lura, ya amsa masa, yaron ya sake mayarwa.

An gwada wannan a aikace. A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. An ba wasu ƙarin madara. Wasu kuma ma'aikatan lafiya na unguwa, irinmu, suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake neman yaran, sun zama samari da 'yan mata. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran yaran da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100. Madarar ita kaɗai ba ta bar irin wannan tasiri mai ɗorewa ba. Kada a fahimce ni da cewa abinci ba shi da muhimmanci, yaro mai yunwa ba ya ko iya wasa. Amma ciki kaɗai muke yawan ciyarwa, mu manta da kai. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa kulawa da amsa wa yaro, da ba shi damar koyo tun yana ƙarami, a sahu ɗaya da lafiya da abinci da tsaro.

Yanzu mu shigo tsakar gida. Kin zauna kina tsintar wake, ɗiyarki 'yar shekara uku tana ta ɗosano hannu a faranti. Abin da ya fi saurin fitowa daga baki shi ne "Ke, tashi ki ba ni wuri!" Gwada wani abu dabam. Ɗebar mata ɗan kaɗan a murfin kwano, ki ce ta ware miki masu huji gefe guda, tsakuwa gefe guda. Tambaye ta, "Wane tulin ya fi yawa?" Ku ƙirga tare, tana taɓa kowane ƙwaya da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Wannan taɓawar ita ce lissafin. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, amma ka ce su miƙo maka cokali huɗu sai su kwaso duka. Idan za a raba tuwo, ce mata, "Mu nawa ne a gidan nan? Kawo kwano ɗai-ɗai na kowa." Za ta ɓata miki minti biyar, wani waken ma zai zube. Ki yi haƙuri da hakan, karatu take yi. Sai dai wanda bai kai shekara uku ba, mai kai komai baki, kada a ba shi wake ko gyaɗa ko tsakuwa, suna shaƙe yaro ko su maƙale a hanci. A ba shi ludayi da kofuna masu girma dabam-dabam ya yi ta saka wani cikin wani.

Akwai wata magana da nake so in yi a hankali, domin ta taɓa al'adarmu, wato kunyar ɗan fari. Na sha ganin yarinya da goyonta na farko a layin awo, jaririn yana kallon fuskarta yana ɓangala dariya, ita kuwa ta kawar da kai don kada a ce ba ta da kunya. Ba ina cewa a watsar da kunya ba, ado ce. Ba sai kin ambaci sunansa ba, ga Abba, ga Ummi, ga laƙabi iri-iri. Amma idan kun shiga ɗaki, ki dube shi, ki yi masa magana, ki amsa gwarancinsa. Shi bai san kunya ba, abin da ya sani shi ne ya kira an amsa ko ba a amsa ba. Ku kuma surukai da kakanni, ku kuke da ikon sauƙaƙa wa yarinyar nan. Kalma ɗaya daga bakinki, Hajiya, "Yi masa wasa mana, ba komai," ta fi nasihata ta wata guda. Wasan nan na kaka da jika, "ga angona," "ga kishiyata," hira ce ta gaske da yaro ke koyon mayar da magana a cikinta. A riƙe shi da kyau.

Tatsuniya ma haka. Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa "Ta zo mu ji ta," an buɗe aji. Yaron da ke bin labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon riƙe abin da ya faru da farko, da abin da ya biyo baya, da dalilinsa, kuma wannan ne zai buƙata ranar da aka ba shi littafi. Ki riƙa tsayawa a tsakiya ki ce, "To, me kake gani Gizo zai yi?" Washegari ki ce shi ya ba ki labarin, ko da zai haɗa kai da ƙafa. Ga kuma kacici-kacici: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Kada ki yi saurin faɗa masa tsintsiya ce, bar shi ya zagaya gidan da ido. A yi duk wannan da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, duk harshen da ya fi zama a bakinki. Yaron da ya ƙoshi da kalmomi a harshen gida ya fi saurin ɗaukar Turanci da Larabci a kan wanda aka yi ta yi masa guntun Turanci.

Abin da ke sosa mini rai shi ne ɗan shekara uku da aka danƙa wa fensir, aka tsare shi da bulala sai ya cika shafi da ABC. Yatsunsa ba su gama ƙwari ba. Hannun da zai yi rubutu gobe, ko a allo ko a takarda, da tuwon ƙasa ake shirya shi, da murza yumɓu, da zane a rairayi da tsinke, da gawayi a jikin kwali, da ɓare kara a haɗa mota, da ɓalla maɓallin riga. Tsoro kuma ba ya koyar da komai sai ɓoye kuskure. Yaron da ake duka don ya kasa sai ya daina gwadawa, ya daina tambaya.

Malam maigida, kai ma da naka rabon. Idan za ka sayo cefane ko za ka leƙa gona, riƙe hannunsa ku tafi. Faɗa masa sunan abin da kuka gani, wannan dawa ce, wancan gero, dubi bambancin kansu. Bar shi ya miƙa wa mai kayan miya kuɗi, ya yi sallama, ya karɓo canji. Idan ya dame ka da "Baba, me ya sa?" amsa masa gwargwadon iko, minti goma a rana ma ba kaɗan ba ne.

Sai waya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ya fi. Ta kuma ce 'yan shekara 3 zuwa 4 suna buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki da barcin awa 10 zuwa 13 a kullum. Na san uwa takan gaji, wayar kuma tana sa yaro shiru nan take. Matsalar wayar ita ce tana magana amma ba ta saurare. In ya zama dole ya kalla, ki zauna kusa ki riƙa tambayarsa me ya gani. In kuma aka sake shi ya yi guje-guje, a rufe rijiya, a kifar da bokitin da ke da ruwa, a ɗaga kananzir da maganin ɓera sama, kada a zuba su a robar lemo.

Wata fa'idar zama da yaro ita ce ke za ki fara gane in akwai matsala. Idan ba ya waiwayowa in an kira shi ko an yi ƙara a bayansa, ko ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Mama zo," ko kuma ya daina wani abin da ya riga ya iya, kada a tsaya ana cewa nauyin baki ne na gado. Wani lokaci kunne ne ke zubar da ruwa har ya rage masa ji, kuma ana maganinsa. A kawo shi asibiti mafi kusa tare da katinsa na rigakafi, a faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka lura da shi da lokacin da ya fara.