Mene ne "tazarar ido" a madubin hangen nesa?

Madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda masu kallon tsuntsaye ke ɗorawa a kan ƙafa uku, yana da ɗan gilashi a ƙarshensa inda ake kai ido. Shi ake kira maleƙi, kuma a madubai da yawa ana cire shi a sa wani. Tazarar ido ita ce nisan da ke tsakanin gilashin maleƙin da daidai wurin da ido zai tsaya ya ga hoton gaba ɗaya, har gefe da gefe. Da milimita ake auna ta, a jikin kwali kuma ana rubuta ta da sunan eye relief.

Wanda ba ya sa tabarau bai cika damuwa da ita ba, don yana iya matso da idonsa yadda ya ga dama. Mai tabarau kuwa gilashinsa ya riga ya cinye kimanin milimita 12 zuwa 14 kafin a je ko'ina. In tazarar ta gaza, tabarau zai tokare maleƙin alhali ido bai kai wurinsa ba, sai hoton ya tsuke, baƙi ya kewaye shi kamar ana leƙa rijiya. Shi ya sa milimita 15 ce mafi ƙaranci, 17 zuwa 20 kuma ita ce ta jin daɗi. Mai tabarau mai kauri ya nufi 20.

Sai dai lambar kan kwali ba ta faɗin komai da komai. Daga fuskar gilashi ake aunawa, gilashin kuma yakan ɗan nutse cikin bakin maleƙin, don haka milimita biyu ko uku suna iya salwanta. Ga kuma maleƙi mai zum, wato wanda ake ƙara girman hoto ko rage shi, irin mai ninki 20 zuwa 60: a da yawansu, musamman masu araha, tazarar tana raguwa in an ƙara girman hoto, mai talla kuwa babbar lambar yake rubutawa. Maleƙi marar zum, kamar mai ninki 30 mai faɗin gani, ya fi sauƙin sha'ani ga mai tabarau, kuma a ganinmu mutane na raina shi ba gaira ba dalili.

Robar da ke bakin maleƙi ma aikinta daidaita wannan tazarar ne. Mai tabarau ya murɗa ta ƙasa ko ya naɗe ta. In kuma wani baƙin tabo mai siffar wake ya riƙa giftawa, ido ya matso da yawa, sai a ɗan ɗaga ta mataki ɗaya.

To me zai hana a cire tabarau kawai? In matsalar rashin gani nesa ce ko kusa, galibi murɗa saitin madubin yana gyara ta. Amma astigmatizim, wato dishi-dishin gani saboda rashin daidaiton siffar ido, wanda ake rubutawa a gurbin CYL na takardar likitan ido, saiti ba ya gyara shi, dole sai da tabarau. Kuma tsuntsu ba ya jiran mutum ya cire ya mayar.

Kafin saye a tabbatar maleƙin zai shiga, don yawancin kamfanoni, irin su Kowa da Swarovski, kowa da irin bakinsa. Wasu madubai, kamar wasu na Pentax da Celestron, suna karɓar maleƙin kallon taurari mai inci 1.25. Sannan a gwada da tabarau ɗin da ake sawa kullum, robar tana ƙasa, zum a 20, sai 40, sai 60, ana duba ko da'irar hoton ta fito fes ba tare da an danna tabarau a jikin maleƙin ba.