Dokar ingancin taki ta 2019: abin da ta tsare wa manomi da abin da ta bar masa

Damina biyu da suka wuce, kawuna da ke noma a wani ƙauye bayan Shika, kusa da Zariya, ya sayi kamfa, wato takin zamani na NPK, buhu uku a hannun wani mai shago a cikin gari. Ya sa wa masara bayan noman firi, ruwa ya sauka yadda ake so, amma kwana goma sha biyar ganye na nan fari-fari kamar ba a sa komai ba. Da na je gaishe shi, sai ya jawo ragowar buhun, ya damƙo ya zuba mini a tafin hannu. "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini wannan. Taki ne ko tsakuwa?" Na juya buhun ina neman sunan kamfani da adireshi, babu. Lambobi uku ne kawai da hoton zangarniya. Na ce, "Kawu, ina rasit?" Ya yi dariya, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an karɓi rasit a kan taki ba.

Abin da bai sani ba, ni ma a lokacin sama-sama na sani, shi ne wannan buhun da kansa laifi ne a doka, tun kafin a kai ga abin da ke cikinsa.

A watan Oktoba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Kula da Ingancin Taki ta Ƙasa, a 2020 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita. Tushenta wata ƙa'ida ce da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 2012 domin ƙasashen yankin su daidaita yadda suke sa ido a kan taki. Aikin zartarwa yana hannun Ma'aikatar Noma ta Tarayya, ta sashenta mai kula da kayan noma da ake kira FISS.

Farkon abin da dokar ta ce, ba kowa ke tashi ya shiga harkar taki ba. Mai sarrafawa, mai haɗawa da mai shigowa da shi daga waje, dole su yi rajista. Dila da mai shago kuma sai da takardar izinin sayarwa. Izinin yana da wa'adi, kuma ci gaba da kasuwanci bayan ya ƙare laifi ne. Kamfanin sarrafawa, haɗawa ko shigowa da taki da ya karya wannan sharaɗi yana fuskantar tarar naira miliyan 5 zuwa miliyan 10. Saboda haka in ka tsaya a shago a Sabon Gari ko Tudun Wada ka ce, "Alhaji, a nuna mini takardar izini," ba rashin kunya ka yi ba, ko da an dube ka sheƙeƙe.

Sai batun buhu, wanda a ganina nan ne ƙashin bayan dokar. Kowane buhu dole ya faɗi sunansa, wanda ya yi shi da inda yake, nauyinsa, da adadin sinadaran da ke ciki. Lambobin nan uku alkawari ne, ba ado ba. Idan an rubuta 15-15-15, ana nufin kashi 15 cikin ɗari nitirojin ne, 15 fosfet, 15 fotash. A buhu mai kilo 50, kilo bakwai da rabi ke nan na kowanne. Idan 20-10-10 ne, irin wanda shirin takin shugaban ƙasa ya yaɗa daga 2017 a kan naira 5,500, akwai kilo 10 na nitirojin da kilo biyar-biyar na sauran. Yuriya kashi 46 nata nitirojin ne, wato kilo 23 a buhu. Duk wanda ya sayar da takin da bai cika abin da aka rubuta ba, ko ya yi masa algus, ko ya tauye nauyi, ko ya sa shi a buhun da ba suna ko mai sunan ƙarya, ko ya karkatar da takin da aka ware wa manoma, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara biyar aƙalla, ba zaɓin tara. Jami'an sa ido suna da ikon shiga shago ko sito, su ɗebi samfur su kai ɗakin gwaji, su kuma ba da umarnin dakatar da sayarwa. Hana su aiki shi ma laifi ne.

A nan bari in ɗan ratse, domin akwai gwajin da mutanenmu suka dogara da shi fiye da kima. Ana zuba taki a kwanon ruwa, in an ga wani abu ya kwanta a ƙasa sai a ce jabu ne. Ga yuriya gwajin yana da amfani, domin ita tana narkewa tas. Ga kamfa kuwa ba hujja ba ce. Masu haɗa taki suna cika buhu da ƙwayoyin farar ƙasa, kuma ba laifi ba ne muddin sinadaran sun kai abin da aka rubuta. Kwano zai iya sa ka zargi, amma ɗakin gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Sikeli ya fi kwano gaskiya. Buhun da aka farke aka sake ɗinkewa da zare daban shi ma yana magana.

Matsalar ita ce yawancin ƙananan manoma ba buhu suke saye ba. Da tiya suke saye, a kasuwar Giwa ko ta Makarfi, daga buhun da aka buɗe tun makon jiya yana shan iska. Taki a cikin leda ba shi da suna, ba shi da uba. In ya ƙi aiki, wa za ka kama, da wace shaida? Shi ya sa nake ganin gara mutum huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗinkakke su raba a gida, su karɓi rasit, su adana buhun da ɗan ragowa a ciki har a yi girbi. Da waɗannan ne malamin gona zai iya kai kukanka gaba. Jami'an sa ido kuwa, kowa ya san ba su kai yawan shagunan ba.

To, a ce buhun na kirki ne, komai ya cika. Nan dokar ta tsaya. Ba ta ce maka ga yawan da za ka sa ba, ba ta kuma ce uffan a kan abin da zai faru da gonarka bayan shekara ashirin ba. Amsar wannan tana nan kusa da mu, a Samaru. Tun 1950 aka buɗe wani filin gwaji a tashar binciken da yanzu take Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. An yanka filin ƙanana-ƙanana: wani kashin shanu kawai ake sa masa, wani takin zamani kawai, wani duka biyun, wani ba komai, ana maimaitawa shekara da shekaru. Inda aka daɗe ana zuba takin nitirojin shi kaɗai, ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke riƙe mata ruwa da abinci ya ragu. Inda aka haɗa kashin shanu da takin zamani, can ƙasa ta fi riƙe ƙarfinta, amfani kuma ya fi ɗorewa. Abin da tsofaffi ke nufi ke nan in sun ce takin zamani yana ciyar da shuka, na gida yana ciyar da gona.

Ƙasarmu ta nan dama can ba ta da ruɓaɓɓen ciyayi sosai. Rana tana cinye shi, mu kuma muna kwashe kara don danga da girki, ragowar mu banka masa wuta. Gonar da ta kai haka, sai ka ga tana neman ƙarin buhu kowace shekara, wuta-wuta kuma tana mamaye dawa da masara.

Amma kada a ɗauka takin gida zai maye gurbin buhu kai tsaye. Busasshen kashin shanu, nitirojin ɗinsa wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari, wani lokaci bai kai ba. Kafin ka tara abin da ke cikin buhun yuriya ɗaya sai ka kwaso fiye da tan biyu, kuma ba a damina ɗaya zai saki duka ba. Masara a yankinmu ana ba da shawarar kilo 120 na nitirojin a hekta, da 60 na fosfet, da 60 na fotash. Lissafa mangala nawa ke nan. Kashin kaji ya fi ƙarfi, shi ya sa masu noman rani a bakin kogin Galma ke rububinsa, sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka in ba a bar shi ya ruɓe ba. Sharar bola kuma yanzu cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura.

Dokar ba ta neman izini daga wanda ya kwashi taki a turkensa, ko ya yi shiri da Fulani su kwana da shanu a gonarsa bayan kaka. Amma wanda ya ɗura takin gargajiya a buhu, ya buga masa suna, ya rubuta cewa yana da sinadari kaza, ya kai kasuwa, ya shiga harkar taki, kuma abin da ya rubuta ya hau kansa. Wannan ya shafi jarkunan takin ruwa da suka cika kasuwa, waɗanda ake cewa lita ɗaya ta fi buhu biyu. A karanta jikin jarkar, a nemi lambobin.

Bana kawu ya raba gonar biyu, rabi waken suya rabi masara, da niyyar ya juya su baɗi. Ya zuba amalanke shida na takin turke tun kafin ruwan fari, ya sayi kamfa buhu biyu a wani shagon daban, yuriyar kuma ya tona ya binne a gindin shuka maimakon watsawa, don kada ta bi iska. Rasit ɗin yana ninke a aljihun rigarsa ta Juma'a. Mai shagon, in ji shi, sai da ya aika yaro ya sayo biro kafin ya rubuta.