Jenne-Jeno

Jenne-Jeno kufai ne na wani tsohon birni a ƙasar Mali, kimanin kilomita 3 daga garin Jenne na yau, a fadamar da ruwan Kogin Neja da na Bani ke malalewa duk shekara. Da harshen Songai sunan na nufin "tsohuwar Jenne". An fara zama a wurin wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka watse daga cikinsa wajen 1400 miladiyya. Abin da ya rage yanzu tudu ne mai faɗin hekta 33, wanda tsingaro ya lulluɓe samansa har da ƙyar mutum zai taka ƙasa bai taka fasasshiyar tukunya ba.

Yadda tudun ya taru

Tudun ba halittar Allah ba ce irin ta dutse, hannun mutane ne ya tara shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da damina ke yi wa katanga. Ɗaki ya zube, a baje ƙasarsa, a ɗora sabo a kai. Toka da ƙasusuwa da shara su taru a bayan gida, jikoki su zo su yi gini a kan jujin kakanninsu. A haka ƙasar Jenne-Jeno ta yi ta hawa har kaurinta ya kai wajen mita 6 a wasu wurare. Hawan ya yi wa mazauna rana, domin idan ruwa ya cika fadama, tudun ne ke tsira kamar tsibiri. Irin wannan tudu akwai shi a Daima ta jihar Borno, wanda mai binciken kayan tarihi Graham Connah ya tona a 1965 da 1966.

Tono

Wasu Amurkawa biyu masu binciken kayan tarihi, Roderick McIntosh da Susan Keech McIntosh, su suka tona wurin a 1977, suka koma a 1981. Sun bi ƙasar hawa-hawa daga sama har gindinta, suna auna shekarun gawayin da suka tarar a kowane hawa.

A can ƙasa sun sami ƙayar kifi, ƙasusuwan shanu, gero, dawa da ƙaiƙayin shinkafar Afirka, wadda ta sha bamban da ta Asiya. Sun kuma sami kashin maƙera tun a hawan farko, kuma wannan shi ne abin lura. Fadamar laka ce zalla, babu tama a cikinta, babu ko dutsen da za a sassaƙa a yi na niƙa. Ke nan duk ƙarfen da aka ƙera da duk dutsen da mace ta durƙusa ta yi niƙa a kai, daga nesa aka kawo su, aka ba da abinci ko wani abin a madadinsu. Daga baya jan ƙarfe ya shigo, sannan zinariya.

Wajen 450 miladiyya garin ya kai hekta 25. Wajen 800 aka kewaye shi da ganuwar tubali mai tsawon kusan kilomita 2, kaurin gindinta mita 3.7. A wannan zamani sukan sa gawa cikin babbar randa, a kife wata tukunya a kai, a binne a cikin gari kusa da gidaje.

Birni ba fada

Kafin wannan tono, ra'ayin da ya fi yawo a littattafan Turawa shi ne cewa birane da fatauci mai nisa ba su samu a Afirka ta Yamma ba sai da Larabawa suka ƙetaro Sahara. Ƙasar Jenne-Jeno ta rushe wannan magana, tunda garin ya cika ya batse kafin fataucin Sahara ya kankama.

Akwai kuma abin da aka nema ba a samu ba: fada, ko kabarin wani sarki da ya fi na kowa dukiya. A maimakon haka, an ƙirga tuddai 69 a cikin kilomita 4 kewaye da babban tudun, ciki har da Hambarketolo da ke manne da shi. Masu tonon sun fassara wannan da cewa rukunonin masu sana'a ne, maƙera da masunta da manoma da magina tukwane, kowa da unguwarsa, suna dogaro da juna ba tare da wani ya hau kan kowa ba. Fassara ce, amma mai ƙarfi, kuma ta sa masana sun sake tunani a kan abin da ake kira birni.

Watsewa da halin yau

Daga wajen 1200 mutane suka fara raguwa, a daidai lokacin da sabuwar Jenne ke bunƙasa da Musulunci da kasuwancinta da Tambutu. A 1988 hukumar UNESCO ta sa Jenne-Jeno tare da Jenne cikin wuraren tarihi na duniya, a 2016 kuma ta sa su cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Zaizayar ƙasa na cin gefen tudun. Ɓarnar da ta fi ciwo ita ce ta masu haƙar sata a tuddan yankin, waɗanda ke tono mutum-mutumin yumɓu su sayar wa dillalan Turai da Amurka. Da zarar an cire abu daga hawan ƙasar da yake kwance, an raba shi da gawayin da zai faɗi shekarunsa da ɗakin da zai nuna amfaninsa.