Lambun sadaka

Lambun sadaka shi ne lambu, ko wani yanki na lambu, da mai shi ya ware tun daga lokacin shuka domin a ba mabukata abin da ya fito a cikinsa kyauta. Abin da ya raba shi da kyautar da manomi kan yi idan ya ga amfani ya yi yawa shi ne niyya da tsari, domin tun kafin a zuba iri an san fangalin da ba za a kai kasuwa ba, kuma an san gidajen da za su ci shi.

A Amurka wannan aiki yana tafiya tare da rumbunan tallafin abinci, wato cibiyoyin da ke tara abinci daga masu bayarwa su raba wa marasa hali. John van Hengel ne ya kafa na farkonsu a birnin Finiks na jihar Arizona a shekarar 1967. Da yake yawancin abin da ake kai musu na gwangwani ne da busasshe, sai ƙungiyar marubuta harkar lambu ta ƙasar ta ƙaddamar da wani shiri a 1995, inda ta roƙi kowane mai lambu ya ƙara kunya ɗaya domin mai jin yunwa.

A karkarar Kano da Jigawa ba a saba da irin waɗannan rumbuna ba, amma taimako da abinci tsohon abu ne. Akwai zakkar hatsi, wadda ake fitarwa idan amfani ya kai wasƙi 5 (wasƙi wani ma'aunin hatsi ne na shari'a), kashi ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi ɗaya cikin 20 ga wanda aka wahala wajen ba shi ruwa. Akwai kala, inda mata da yara ke bin gona bayan girbi. Akwai kuma ɗan kayan miya da ake aika wa maƙwabciya ba tare da ta roƙa ba. Sai dai a mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin ke bi, babu zakka a kan tumatir, albasa, kuɓewa da ganyaye. Saboda haka gwauruwar da aka ba damin gero tana iya samun tuwo ta rasa miya, kuma wannan giɓi ne lambun sadaka ya fi dacewa ya cike, tun da 'ya'yanta ba za su ƙoshi da lafiya a kan hatsi kaɗai ba.

Wuraren da suka fi dacewa da shi su ne yankunan noman rani, irin su Kura, Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da kuma fadamun Haɗeja da Auyo. A lokacin da tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi kan faɗi har kwando ya kasa biyan kuɗin ɗauko shi, a bar wani ya ruɓe a bakin titi, alhali bayan 'yan watanni gidaje da yawa ba sa iya sayen na miya ɗaya.

Babbar matsalar aikin ita ce saurin lalacewa. Alayyahun da aka yanka da asuba yakan yi yaushi kafin azahar, shi ya sa ake tsinke shi da sanyin safiya, a yayyafa masa ruwa, a raba shi a ranar. Tumatir kuwa yanka shi ake yi a shanya ya zama kauɗa, kuma ya fi tsabta a baza shi a kan tabarma ko buhu maimakon ƙasa. Haka ake busar da kuɓewa, barkono, rama da yakuwa, a adana su zuwa watannin tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba. Kabewa da albasa suna jure ajiya, zogale kuma da zarar ya kafu a bayan gida ana cin ganyensa shekaru.

Daga Jigawa ne ma aka yaɗa wata dabara mai sauƙi ta ajiyar ɗanyen kaya. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya bunƙasa sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai cikin tukunyar ya yi sanyi. Aikin ya samo masa lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000.

Rabon yakan bi ta hannun limami, mai unguwa ko dattijuwar da ta san halin gidaje, kuma an fi so a aika yaro da kayan bayan magariba, domin mutumin karkara ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin karɓar sadaka.