Lambar P74.421: ƙa'idar rubuta yawan kulorayid a jinin jariri

A Amurka, duk cutar da likita ya rubuta sai an ba ta lamba daga kundin ICD-10-CM kafin inshora ta biya kuɗin magani. Lambar yawan sinadarin kulorayid a jinin jariri ita ce P74.421, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2018. Kafin nan P74.4 ake sawa, wadda ta haɗe matsalolin gishirin jini iri-iri. Yanzu an tsattsaga ta, wanda ya tsaya a P74.4 ko P74.42 za a dawo masa da takardarsa don lambar ba ta cika ba. A lura da maƙwabciyarta P74.422, ita ta ƙarancin kulorayid ce, adadin ƙarshe kaɗai ya raba su.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne takardar gwajin jini. Ganin kulorayid ya haura a sakamakon gwaji bai ba mai sanya lamba izinin rubuta P74.421 ba. Sai likita ya rubuta cutar da hannunsa, kuma ta kasance ta jawo wani abu: an sake gwaji, an canja ruwan da ake ƙara wa jaririn, an tsananta sa ido, ko an tsawaita kwanciya. Misali bakwainin da aka yi ta ƙara masa ruwan gishiri na kashi 0.9, wanda kowace lita ke ɗauke da milimol 154 na kulorayid, alhali ƙodarsa ba ta yi ƙwarin tace shi ba. Idan an ga an sauya masa ruwa amma likita bai ambaci dalili ba, a aika masa tambaya a rubuce. Cika fayil da zato laifi ne a wurin masu binciken takardun asibiti.

Tsamin jini, wato yawan asid a jini, da yawan kulorayid ya haifar yana cikin wannan lambar, ba a neman wata. Amma idan akwai tsamin jinin da ke zuwa daga baya, mai lamba P74.0, an yarda a rubuta su tare.

Lambobin da suka fara da P na fayil ɗin jariri ne kawai, ba sa shiga na mahaifiya ko kusa. Sharaɗinsu shi ne matsalar ta faro kafin haihuwa ko cikin kwana 28 na farko, kuma ana ci gaba da amfani da su bayan nan muddin ba ta warke ba. Wanda abin ya same shi daga baya, yaro ko babba, E87.8 ce tasa.

Sai jeri. A asibitin da aka haifi jaririn, lambar rukunin Z38, mai nuna inda aka haife shi da yadda aka haife shi, ce ke gaba, P74.421 ta biyo. Idan an mayar da shi wani asibiti, can ba a sake sa Z38.