Wace ce "jaruma" a littafin yaƙi?

'Yan matan unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi masu sauraron littattafan yaƙi a waya, in littafi ya burge su sai ka ji sun ce "jarumar ta yi". Ba 'yar fim suke nufi ba. Suna nufin macen da labarin ya rataya a wuyanta, a irin almarar nan ta aljanu, bokaye, zoben tsafi da biranen da ba ka samunsu a taswira.

Marubuta da yawa sun ɗauka takobi ne ke yin jaruma. Sai a ɗaura mata sulke, a aza ta a kan ingarma, ta zubar da barade arba'in kafin azahar. Amma da an zo babin ƙarshe sai ga ta ɗaure a kogon maridi, tana hawaye tana jiran yarima. To ina jarumtar? Hanyar gane ta gaskiya ba wuya: cire ta daga labarin ka gani. In komai ya ci gaba da tafiya yadda yake, ado ce kawai aka sa. In labarin ya tsaya cak saboda ita ke yanke shawara, kuma ita ke ɗanɗana kuɗarta, to ka gamu da jaruma.

Mu a Kumasi ba sai an je da nisa ba. A 1900, lokacin da Gwamnan Turawan mulkin mallaka, Hodgson, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare, alamar sarautar Asante, Bature ya riga ya kama Sarki Prempeh ya fitar da shi daga ƙasar, manyan gari kuma suna ta jan ƙafa. Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu da ke kusa da Kumasi, dattijuwa mai jikoki, ita ta tsaya kai da fata a taron manyan gari sai an yi yaƙi. Aka yi wa sansanin Turawa ƙawanya watanni, wanda yanzu gidan tarihin sojoji ne a tsakiyar gari. Ba ta ci yaƙin ba. An kai ta tsibirin Seychelles, can ta rasu a 1921. Mai rubuta almara da zai ce ta dawo bisa farin doki, amma abin da ya sa ake tuna ta ya faru ne tun a wurin taro, kafin a harba bindiga ko ɗaya.

Akwai kuma wata cuta: jarumar da ba ta da aibi. Kyakkyawa, mai haƙuri, gwanar girki, gwanar mashi, ba ta taɓa jin tsoro ba. Wannan gundura take kawowa. Ƙanwata ta ajiye wani littafi a rabi, na tambaye ta dalili, ta ce, "Yaya, wadda ko kishi ba ta yi, ai aljana ce. Ni ƴar bokan nan mai baƙin hali na fi so, ita ce ta sace zoben."