Kada mu tumɓuke kututturen da ke toho a gona

'Yan uwana manoma, lokacin sassabe ya ƙarato, shi ya sa nake so mu yi maganar itatuwan gonakinmu.

Ku tambayi dattawan garinku, za su ce muku a da daji a bakin gari yake. Yau mace sai ta ci rabin yini wajen neman itacen girki, a wasu wuraren ma kara da kashin shanu ake hura wuta da su. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, amma ba su kaɗai suka kawo mu nan ba. Jama'a ta ƙaru, an daina barin gona ta huta, masu gawayi suna kayar da manyan itatuwa ana lodawa zuwa birni. Ga kuma tunanin nan da ya bi jikinmu, wai manomin kirki shi ne mai gona fes babu ko tsiro.

Manoman Maradi sun fara sauya wannan tun wajen 1983 da abin da suke kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne, babu sayen iri, babu ban ruwa. Kututturen kalgo ko sabara da ke cikin gonarka saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Idan ya yi toho, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da adda mai kaifi. Ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Da wannan aiki, a yankunan Maradi da Damagaram ƙasa mai faɗin hekta kusan miliyan 5 ta sake samun itatuwa, wajen miliyan 200.

Gawo kuwa, don Allah kada a taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

Abin da ya fi kashe wa mutum gwiwa shi ne ya raini itace wani ya zo da dare ya sare. Don haka kafin ku fara, ku zauna da mai unguwa da makiyayan yankinku ku yi yarjejeniya a kan wanda ke da ikon sara da lokacin da za a ɗebi ganye.